Abin da Umma Ta Tokare Taga da Shi

Kafin in ci gaba, bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa babbar matsalata girman kai ce. Na gode, 'yar'uwa. Umma ta riga ki faɗa, kuma ita ba ta ƙona data ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce ƙarama a gidanmu, ni kaɗai na rage ban yi aure ba, kuma Umma tana ambaton wannan da irin muryar da take ambaton yoyon rufin kicin. Aikina koya wa na'urori barci. Kada ku yi dariya, da shi nake ci da kaina. Kamfaninmu yana ƙera 'yan ƙananan na'urori da ake maƙalawa a tankin ruwa, ko a gona, ko a ƙarƙashin gada, wuraren da babu wuta kuma babu mai hawa ya riƙa canza batir. Kowace tana da 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. Ta farka, ta auna abin da aka sa ta, ta aika saƙo, ta koma barci kafin ka ƙifta ido. Abincinta kuwa tsinta take yi: ɗan hasken rana, ɗan ɗumin bututu, girgizar mota idan ta wuce. Tana tarawa a kafasita, wato ɗan rumbun wuta, kamar mai tarar ruwan sama da kofi. A ofishinmu, wanda na'urarsa ta fi ƙarancin ci shi ne gwani. Kuma tun da na fara aiki a wurin, ni ce gwanar.

Masu nemana biyu ne. To, ɗaya da rabi.

Cikakken shi ne Mai Janareta. Shago gare shi babba a bakin titi, yana sayar da injinan wuta, kuma halinsa da hajarsa iri ɗaya ne: da zarar an ja igiya babu kashewa. Kafin in buɗe ido ya turo. "Barka da asuba sarauniya." "Kin tashi?" "Kin karya?" "Me kika ci?" "Ya yi daɗi?" Sai saƙon murya, wanda rabinsa ƙarar injin da ake gwadawa ce. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Yana da kirki da kyauta, yana durƙusawa ya gaida Umma. Kawai dai idan na gama waya da shi sai in ji kamar ni ce aka zuƙe wa mai.

Rabin kuwa teburinsa yana kallon nawa a ofis. A-Taƙaice muke ce masa. Shi ke zana allunan wuta, ni ke rubuta musu umarni. Dogo ne, rigunansa duk ruwan toka, aljihunsa kullum da ɗan sukundireba. Idan ya turo saƙo, ga shi nan gaba ɗayansa: "Lafiya?" In zauna in rubuta masa labarin yinina har da ciwon kan da na yi, sai can da yamma amsa ta zo: "Madalla." Wayarsa ma a kashe take wuni, yana kunna ta safe da yamma. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Neman layi ne ke cin caji."

Za ku ce to me na gani? Ni ma na tambayi kaina. Kujerata ta daina ƙara, ban san ranar da aka gyara ta ba. Ƙarfen soldan da ya fi kyau kullum a teburina yake kwana. Idan an tashi, zai taka da ni har inda nake hawa mota, shi ta gefen titi, ni ta ciki, ba ya cewa uffan, kuma ba ya juyawa sai motar ta tashi. Ni dai shi nake so. Na faɗa muku, ku kaɗai. Shi ban faɗa masa ba, don a ganina wanda ya iya gyara kujera a ɓoye ya iya buɗe baki a sarari.

Umma ba ta da wannan haƙurin.

"Mutum ya yi ta raka ki bakin titi kamar ɗan sanda, bai ce yana so ba, bai ce ba ya so ba. Kurma ne?"

"Umma, yana magana."

"Da wa? Da wayoyin wuta?"

Baba yana gefe yana karanta takardar da ke cikin kwalin maganin tari. Tun da ya bar aiki, duk abin da ke da rubutu a gidan nan sai ya karance shi, har bayan buhun sabulu. Bai ɗago ba ya ce, "Babu mai yi miki dole. Ki kawo wanda kike so, ko ki saurari wanda ya kawo kansa. Amma zaman jiran ya isa haka."

Wanda ya kawo kansa kuwa ya riga ya nemi izinin zuwa gaida Baba ranar Asabar. Kun san idan magana ta shiga hannun manya, fito da ita sai an ɓata wa wani. Ke nan abin da nake da shi bai wuce zuwa Asabar ba: ko A-Taƙaice ya yi magana, ko in rasa hujjar da zan riƙe.

Yanzu bari in koma baya kaɗan, don a nan aka yi ɓarnar.

Makonnin baya, ana tashi daga aiki, ya ajiye wani abu a teburina. Ɗan akwati ne fari, bai fi sabulun wanka girma ba. A samansa akwai gilashin sola ƙarami, a gabansa ɗan allo fari fat babu rubutu, a ƙasa maɓalli guda ɗaya. Ba fitila, ba ramin caji, ba batir.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ya ce, "Naki ne. Ki ajiye a taga."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Ranar ko rakiyar bai yi ba, har yana tuntuɓe da bakin ƙofa.

Wata macen za ta kai gida ta ajiye a taga kamar yadda aka ce. Ni injiniya ce. Ina shiga ɗaki na cire mayafi, na ja labule don kada Umma ta leƙo, na ɗauko sukundireba na kwance bayansa. Jama'a, aikin ya yi kyau har ya ba ni haushi. Layukan allon wutar da ke ciki a tsare kamar an yi musu kitso, solda ko ɗigo ɗaya bai yi yawa ba. Na yi abin da aka koya mana tun shekarar farko: kafin ka taɓa allo, ka sauke cajin kafasita. Na sauke shi tas. A cike yake maƙil kuwa, na ma yi mamaki. Sannan na jona masa wuta daga nawa kayan, na sa mita don in ga abin da yake ci idan yana barci.

Mita ta tsaya kamar ba a jona komai ba.

Na duba wayoyin, na canza ma'auni zuwa mafi ƙanƙanta, sai ga wata 'yar lamba ta leƙo da ƙyar. Na'urar da nake taƙama da ita, wadda Ogan ofishinmu yake nuna wa baƙi, tana cin ninkin wannan da yawa. A gefen wannan akwatin, tawa mai zarin ci ce.

Sai raina ya ba ni labari, ni kuma na yarda. Wato mutumin nan duk rakiyar da yake yi, auna ni yake. Ya gina abin da ya fi nawa, ya kawo mini har tebur, ya ce in ajiye a taga don in riƙa gani kullum ina tuna wane ne gwani. Na mayar da murfin na ɗaure, na naɗe shi a cikin tsohon ɗankwali, na tura can ƙarshen durowa ƙarƙashin safuna. Na ce ka yi ta barcinka, tunda shi ka iya.

Bayan kwana biyu ya tsaya a gefen teburina yana juya sukundireba a hannu.

"Kin ga abin?"

Ban ɗago daga kwamfuta ba. "Na gani. Ciki da waje."

"To?"

"To me? Ka yi ƙoƙari. Ka burge."

"Shi ke nan?"

"Me kake so in yi, in yi guɗa? Ba ni da abin cewa."

Ya mayar da sukundireban aljihu. Sannan ya ce, "Na gane." Ya koma wurinsa.

Daga ranar rakiya ta ƙare. "Lafiya?" ma ta ƙare. Ƙarfen solda mai kyau dai bai fasa kwana a teburina ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi, don ban san inda zan ajiye shi a cikin fushina ba. A farkon makon da Mai Janareta zai zo, Oga ya tara mu ya ce an samu wanda zai je ya kula da na'urorinmu na madatsar ruwa, can nesa inda mota ke wuni ba ta kai ba, kuma zaman na shekara ne ko fiye. Wurin da kowa yake gudu. Ya ce A-Taƙaice ne ya nema da kansa, Lahadi zai tafi.

Na tafa tare da kowa. Na shiga banɗaki na wanke fuska. Na dawo na rubuta umarni mafi muni da na taɓa rubutawa, na'urar gwaji ta ƙi barci har aka tashi.

Asabar ta zo. Umma ta tashe ni da goge-goge kamar za a zo duba gidan a saya. Ta zaɓar mini doguwar riga ruwan zuma mai aiki a wuya, wadda Yaya ta ɗinka mini na ce ta yi nauyi, da mayafi mai ɗan sheƙi, da 'yan kunnen da suke ja mini kunne ƙasa. Ta tsaya a bayana a madubi tana gyara mini kafaɗa.

"Saki fuskar mana. Kamar wadda za a cire wa haƙori."

"Na saki."

"Wannan ce sakakkiyar? To Allah ya kyauta ɗaurarriyar."

Mai Janareta ya iso da la'asar, motarsa ta cike rabin layinmu. Farar shadda ce a jikinsa tana ƙara idan ya motsa, agogo kamar murfin kwalba, turarensa ya riga shi shiga falo. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Umma, ya tambayi lafiyar Yaya da mijinta da 'ya'yanta da sunayensu. Na kawo shayi da lemo na zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa, inda mai niyyar gudu yake zama.

Bai kai ga ƙurɓar shayin ba aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Fuskarsa ta haskaka kamar an yi masa bushara.

"Ka gani ko, Baba? Irin wannan ne ba na so. Gida kamar wannan a ce yana jiran wuta? Akwai wani inji da ya shigo mini, ba ya ƙara ko kaɗan, zai ɗauki firji, ya ɗauki fanka, ya ɗauki famfo, ya ɗauki..."

Baba ya ce, "Allah ya yi albarka," ya miƙe ya nufi taga don ya ƙara buɗe ta.

Sai ku san tagar falonmu. Mariƙinta ya karye tun kwanaki, iska tana bugo ta tana rufewa, kuma Umma ta ce ta yi maganin abin. Ban tambayi da me ba. Baba ya yaye labule, ya tura tagar, ya ɗauko abin da aka tokare ta da shi. Fari. Bai fi sabulun wanka girma ba.

Na dubi Umma.

Ta ce, "Me kike kallona? Almakashi na je nema a durowarki na gan shi a naɗe kamar laya. Daidai tagar yake."

Umma tana neman almakashin nan a ɗakina tun ina sakandare. Har yau ba ta same shi ba.

Ke nan akwatin ya yi kwanaki a bayan labule, fuskarsa a rana, yana tsintar haske ɗigo-ɗigo yana mayar da abin da na zubar. Baba ya juya shi, ya laluba aljihu ya ɗauko tabarau. Na san wannan motsin. Baba ba ya ɗauko tabarau sai ya ga rubutu.

Ya karanta. Ya sake karantawa, leɓensa yana motsi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Injiniya, ina jin wannan saƙonki ne. Amma har da ni a ciki."

Ya miƙo. Allon da na sani fari fat yanzu ɗauke yake da baƙin rubutu, irin allon nan da ba ya cin wuta sai lokacin da zai canza abin da ke kansa, daga nan rubutun ya zauna ko shekara nawa. Layi uku ne:

"Ina so in zo in gaida Baba.
In kin yarda, danna.
In ba ki yarda ba, kada ki yi komai."

Jama'a, kada ki yi komai. Ni kuwa na yi makonni ina yin ba komai da dukkan ƙarfina.

A take komai ya jeru a kaina. Ya cika kafasitar da hannunsa don da hasken safiya ya taɓa gilashin, ƙwaƙwalwar ta farka ta rubuta saƙon. Cajin da na zubar da alfahari, maganarsa ce. Maɓalli ɗaya ya sa saboda haka muke gini: na'ura ba ta ɓata wuta ta ce babu labari, shirunta shi ne a'a. Ni na rubuta wannan ƙa'idar a ofis, ni nake faɗa da duk wanda ya karya ta. Ya tambaye ni ko na gani, na ce ciki da waje. Ya ce shi ke nan, na ce ba ni da abin cewa. Har da guɗa na ambata. Wayyo ni.

Mai Janareta ya miƙo hannu yana murmushi. "Mu gani, irin aikin naku ne?" Kafin in farga ya karɓe. Bai tsaya kan rubutun ba, bayan ya juya yana neman inda ake buɗewa. "Ina batir ɗin? Babu? Ina ake cajinsa? Kai, wannan ai wahala ce. Mutum ya zauna jiran rana kamar mai shanya. Nan ake kunnawa?"

Babban yatsansa ya sauka a kan maɓallin.

Ban san lokacin da na tsallake teburin shayi ba. Mayafina ya kama hannun kujera, ɗan kunne ɗaya ya yi nasa wuri, cokali ya faɗi.

"Kada ka danna!"

Ya saki kamar ya taɓa wuta. "Shokin yake yi?"

Baba ya ce, "Sosai ma."

Na rungume akwatin a ƙirji ina haki. Ku duba fa: saura ƙiris a amsa wa mutum neman aurensa da yatsan abokin takararsa. Irin wannan ko a wajen Allah ban san yadda za a lissafa shi ba.

Umma ta miƙo hannu, na ba ta ba don ina so ba. Ta nisanta shi da idonta ta karanta a hankali. Ta dube ni, da mayafi a karkace da kunne ɗaya babu ɗan kunne.

"Kurman ne?"

"Shi ne, Umma."

"Tun yaushe?"

"Tun... da ɗan daɗewa."

"Kika naɗe shi a tsumma kika sa a cikin safa."

"Ban san yana magana ba."

"Shi ko akwatin?"

Ta juya ga Baba. "Ka ga irin 'ya'yan da boko yake ba mu. Shi ya kasa buɗe baki sai ya ƙera sabulu. Ita an ba ta sabulun ta ɓoye wa rana. Ni da ban yi karatun ba, ni na san a taga ake ajiye shi."

"Tokare taga kika yi da shi," in ji Baba.

"A taga dai yake."

Mai Janareta ya yi gyaran murya. A karon farko tun da na san shi, ya yi magana a hankali. "Ranki ya daɗe, in dai na fahimta, akwai wani a gabana."

Na durƙusa a gefen kujerarsa, don ya cancanci haka. "Ka yi haƙuri. Ba ka yi mini komai ba sai alheri. Da na san inda na tsaya, da ban bari ka sa shaddarka ka taho ba. Ni kaina yanzu na sani."

Ya dubi akwatin da ke hannun Umma, ya girgiza kai. "Abin da ko batir ba shi da shi." Sai ya yi 'yar dariya, ba mai daɗi sosai ba, amma dariya ce. "To ki danna mana. Ko ni ina so in ga yadda yake aiki."

Umma ta miƙo mini. Ta riƙe shi ɗan lokaci kafin ta saki. "Ke kika zaɓa. Ranar da kika yi zazzaɓi ya ce miki madalla, kada ki zo mini da kuka."

Na dubi Baba. Ya cire tabarau ya ninke. "Ni dai an ce ana so a gaishe ni. Ban taɓa ƙin gaisuwa ba."

Na danna.

Maɓallin irin mai tauri ne, wanda ƙarfin yatsanka shi ne wutar da za ta tura saƙon zuwa eriyarmu da ke kan babban tankin ruwan unguwa. Ya yi ƙas. Shi ke nan. Ba fitilar da ta kama, ba ƙara, rubutun allon ko motsi bai yi ba.

Umma ta ce, "Ya tafi?"

"Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba? Ba aikinki ba ne?"

"Fitilar da za ta nuna ya tafi wuta take ci, Umma. Ba ma sa ta."

Mai Janareta ya jingina da kujera. "Wallahi ku mutanen nan kuna wahalar da kanku."

Kuma gaskiyarsa. Na tsaya da akwati a hannu ina lissafin abin da zai iya hana shi zuwa. Ko eriyar ta lalace. Ko ya cire abin karɓar saƙon tun ranar da na ce ba ni da abin cewa, don mutum irinsa ba ya barin abu a kunne yana sauraron banza. Gobe da safe zai hau mota. Wataƙila yanzu haka yana ninke rigunansa ruwan toka.

Baba ya ce, "Injiniya, wayarki ta lalace ne?"

Kun ji tambayar da duk karatuna bai kawo mini ba. Na ruga ɗaki na ɗauko waya. Ni da na rantse ba zan taɓa fara kiransa ba, na kira a gaban uwata da ubana da mai nemana. Wata mata ta sanar da falon gaba ɗaya cewa wayar a kashe take.

Umma ta tafa hannu. "A kashe! To madalla, in ji shi."

"Sai yamma yake kunnawa."

"Yanzu safiya ce?"

Na zauna a hannun kujera. Shayi ya huce. Mai Janareta, Allah ya saka masa, ya koma ba Baba labarin yadda ake gane injin jabu, don dai kada shirun ya kashe ni. Ni kuwa idona yana kan waya, ina jin kaina kamar kafasitar da aka sauke.

Sai ta yi ƙara. Sunansa.

Kiran ya katse kafin in ɗauka. Ban gama numfashi ba ya sake kira. Na tsaya ina kallo kawai, don ban taɓa ganin sunan nan a kan kira ba. Ya katse. Ya sake kira. Mutumin da yake kashe waya don kada ta nemi layi, ga shi yana zubar da caji kamar ruwan wanki.

Umma ta ce, "Za ki ɗauka ko in ɗauka?"

Na ɗauka. Abin da na fara ji haki ne, da ƙarar titi.

"Ke ce kika danna?"

"Ni ce."

"Da gangan?"

"Da gangan."

"Ba faɗuwa ya yi ba? Don in ya faɗi ta gefen maɓallin zai iya... na so in sa masa kariya, ban samu wuri ba, kuma na yi tunanin ko yara ne, ko an jefar da shi wani ya tsinta, don tun ranar nan abin karɓar yana aljihuna, na ce zan cire masa wuta in na hau mota gobe, sai na ce a bar shi dai zuwa goben, to yanzu ina ɗaure jaka sai na ji ya..."

"A-Taƙaice."

"Na'am."

"Ka taƙaita."

Na ji yana haɗiye numfashi.

"Ina layinku. Wata farar mota ta tare ƙofar."

Na ɗago. Duk sun ji, don falon babu fanka. Mai Janareta ya laluba aljihun shaddarsa ya ciro makulli, ya dube shi, ya dubi ƙofa, bai tashi ba tukuna. Umma ta durƙusa tana laluben ɗan kunnena a ƙarƙashin tebur tana cewa a gyara wa yarinyar nan mayafi. Baba kuwa ya karɓi akwatin daga cinyata, ya mayar da shi taga ya tokare, fuskarsa a rana. Ya koma kujerarsa ya gyara zama.

"A ce ya shigo," ya ce. "A ɗumama shayin kuma. Ina so in ji ko da baki ma ya iya."